Hannun Maigidana da Yaƙin Rumawa

Daga Bur Sudan muka tsallako Jidda, ni da maigidana da 'yarmu ta fari a goye, a jirgin ruwa ɗaya da wani Bagirke da kowa ke kira Hawaja. A can ma gidan burodi gare shi, kuma tun maigidana yana saurayi shi ke riƙe masa da tanderu. Da labari ya yi ta zuwa cewa Jidda ta buɗe, gine-gine na tashi, ma'aikatan kamfanoni na neman burodi irin na ƙasashensu, sai Hawaja ya sayar da na can, ya sami wani Bahijaze ya tsaya masa kafili, wato mai lamunce wa baƙo a wurin hukuma, mu ma aka yi mana iƙama, takardar izinin zama, ta hannunsa. Ya kama wani tsohon gida a unguwar Bagdadiyya. Ƙasa gidan burodi, sama shi da matarsa, wadda muke kira Madam. Maigidana ne mu'allim, wato shugaban aiki, a ƙasa, leburori na ƙarƙashinsa. Ni kuwa ina sama, girki da wanki da shara. In rana ta yi sanyi mu kama hanyar Ruwais, inda muke da ɗakinmu na kwano da katako a cikin 'yan'uwanmu Hausawa, ƙarnin teku na shigowa har gado.

Ba zan ce Hawaja mugun ubangida ba ne. Da zan iya faɗin haka da abin ya fi mini sauƙi. Bai taɓa zagin kowa da uwa ba, kullum muna tafiya gida da burodi mai zafi, in azumi ya zo ba ya kunna taba a gaban leburori. Surutu ne dai da shi, da son a ce shi ne ya yi nasara ko a kan mene ne.

Abokinsa ɗaya ne a duk garin, wani tsoho gajere, ja, mai farin gashin baki, da ake kira Usta saboda sana'arsa ta gyaran injuna. Mutane na ce masa Baturke, shi kuma kullum sai ya gyara musu, ya ce shi mutumin Bulgariya ne, Musulmin can. Ya gudo ne bayan da wata gwamnati da ba ta ƙaunar addini ta hau, ya keta duwatsu da ƙafa zuwa ƙasar Turkawa, daga nan ya zo hajji bai koma ba. Ba mata, ba ɗa. Shagonsa na bayan layin gidan burodin, kuma sahu ɗaya suke salla da maigidana. Duk ranar duniya, an idar da la'asar, zai hawo sama, su baje allon wasan ɗawla shi da Hawaja a bakin taga, suna jefa 'yan ƙasusuwan nan biyu masu ɗigo, suna tsokanar juna da gurguwar Larabci, ni ina kai musu shayi. Ina ƙaunar tsohon nan a lokacin. Ba ya zuwa ba tare da alewa a aljihu don 'yata ba.

A gidan burodin akwai injin kwaɓa, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke cin buhun fulawa sukutum, da hannun ƙarfe mai lanƙwasa da ke juyawa a ciki. Yana da murfi, kuma an yi shi yadda da zarar an ɗaga murfin injin zai tsaya cak, don kada mai duba kwaɓi ya zura hannu ƙarfe na juyawa. Wata rana, gab da shigowar alhazai, murfin ya tsage a inda yake maƙale. Usta ya zo da hantsi ya kwance shi, ya sa aka kai masa shago ya yi masa walda. Don kada aiki ya tsaya, ya haɗa wayoyi biyu ya naɗe su, injin ya ci gaba da juyawa ba murfi. In ana so a kashe shi sai an je har bango an sauke babban makunni. Ya ce wa maigidana: "Na yau kawai, mu'allim. Gobe da safe zan mayar. Ka dai kula."

Da la'asar ɗin ranar ya hawo wasa kamar kullum. Hawaja ya ɗan sha abin da yake ɓoyewa a bayan tufafi cikin kabad, na gane daga jan idonsa. Ya ci Usta wasa, ya sake cinsa, ya kuma ci. Ina shigowa da tire sai na ji ya buga cinya yana dariya.

"Halas! Yau na ƙwaƙule maka ido, kamar yadda sarkinmu ya yi wa kakanninka."

Usta ya ci gaba da jera 'ya'yan wasan.

Da Hawaja ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma yana son mai saurare, sai ya waiwayo gare ni.

"Ke, tsaya. Kin san Rum? Rum ɗin da ke cikin littafinku? To, mu ne. Birnin da Turkawa ke taƙama da shi yanzu, namu ne, a nan sarkinmu yake zaune. Mutanen wannan," ya nuna Usta da haɓa, "suna cikin duwatsu, kullum sai su sauko su yi mana ɓarna. Shekara da shekaru ana abu ɗaya."

Madam ta leƙo daga ɗaki ta yi masa magana da yarensu. Ya kore ta da hannu.

Ya ba ni labarin duka, ina tsaye da tire, kofuna na zufa. Ya ce mutanen Bulgar sun tare wani ƙwari tsakanin duwatsu biyu, suka gina katangar gungumen itace daga wannan gefe zuwa wancan, rundunar Rum ta yi ta kai hari tana komawa da gawa. Sai sarkin Rum ya tura wasu mayaƙa suka zagaya ta bayan dutse, ta hanyar da awaki kaɗai ke bi, suka faɗo musu ta baya. Aka kama su dubbai. Sarki bai kashe su ba. Ya sa aka raba su ɗari-ɗari, aka makantar da su kaf, sai mutum ɗaya cikin kowane ɗari aka bar masa ido guda don ya ja sauran zuwa gida. Ya ce da suka isa, sarkinsu tsoho ya fito ya gan su layi-layi, kowa dafe da kafaɗar na gabansa, sai ya yanke jiki ya faɗi, bai daɗe ba ya mutu.

Yana faɗa yana kwaikwayo. Ya rufe ido, ya miƙa hannu yana lalube a iska, yana dariya. Na taɓa ganin makafi suna jan juna a bakin kasuwa a Sudan, mutum uku ko huɗu, amma ban taɓa tunanin ɗan Adam zai zauna ya shirya hakan da gangan ba, har da lissafi.

Usta ya ajiye ɗan wasan da ke hannunsa. Fuskarsa ta koma kamar ta wanda zazzaɓi ya kama.

"Duwatsun nan da kake faɗa, ana hango su daga ƙauyenmu," ya ce a hankali. "Amma tun da ka iya tarihi, gaya mata ɗayan. Gaya mata sarkin Rum ɗin da ya shigo ƙasarmu tun kafin wannan, ya ƙone babban birninmu, muka tare shi a ƙwari yana komawa. Ko ɗaya bai kai labari da daɗi ba. Sarkinmu ya yanke kansa, ya sa aka goge ƙoƙon, aka shafe shi da azurfa, ya riƙa shan giya a ciki yana miƙa wa baƙi. Gaya mata. Kan sarkinku kofin shan ruwa ne a gidanmu."

Hawaja ya miƙe tsaye. Ya ce aikin arna ne, dabbobin daji. Usta ya ce mai ƙwaƙule idon wanda ya riga ya miƙa wuya shi ne dabba, kuma jininsa na nan yana gudana a jikin mai sayar da burodi. Daga nan Larabcin ya ƙare musu, kowa ya koma yarensa. Usta ya sa hannu ya kife allon, 'ya'yan wasa suka watsu har ƙarƙashin kabad. Ya sauka bene yana haki. Hawaja ya leƙa ta taga yana daka masa tsawa, ya ce kada ƙafarsa ta sake taka gidan.

Na durƙusa ina tsince 'ya'yan ɗawla. Ko a raina ban kawo zancen murfi ba.

Washegari Usta bai zo ba. Jibi ma haka. Alhazai suka fara sauka daga jiragen ruwa, garin ya cika, masu masauki da masu gidajen abinci suna ta aiko da neman burodi, injin ba ya hutawa daga asuba har magariba. Maigidana ya hawo sama ya tsaya a bakin ƙofa da fulawa har gira.

"Hawaja, murfin nan. A aika a karɓo."

"Ni in aika wa wannan? Gara in rufe gidan."

Bai rufe ba. Ya kirawo wani makaniki daga wata unguwa, mutumin ya duba ya ce ba abin da zai iya sai da murfin a hannu. Hawaja ya ce zai sa a kawo sabo daga inda aka ƙera injin. Sabon zai zo ta jirgin ruwa, bayan hajji, in Allah ya so.

Maigidana ya tare Usta a ƙofar masallaci. Da ya dawo na tambaye shi yadda suka yi, sai ya ce wai tsohon ya ce mai gidan burodi ya tako da ƙafarsa ya nemi afuwa, a ranar zai ɗaura.

"Ka ce masa me?"

"Na ce masa ba sarkin Rum ba ne ke zura hannu a tukunyar, ni ne. Ya ce ya sani, in dai kula."

"To ka daina kunna shi. Ku kwaɓa da hannu."

"Buhu nawa za mu kwaɓa da hannu a wannan zafin? Yaran za su zube."

Na sami Madam a kicin na roƙe ta. Ta dafa kafaɗata ta ce maza ne, kamar yara suke, in bar su za su huce. Ita ma kewar zuwan Usta take yi, in ji ta, gidan ya yi shiru.

Da na ga haka sai na yafa mayafi na tafi shagon da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Ina shiga na ga murfin. Yana jingine da bango, an yi masa walda tsaf, har an goge wurin an shafa masa fenti. Ashe ya gama aikin tun ranar farko. Butar shayinsa na ajiye a gindinsa.

"Baba Usta, ga shi nan ai ka gama. Ba ni in ɗauka a kai."

"Ko kin kai ba wanda zai iya haɗa wayar sai ni, 'yata. Ni kuwa ba zan shiga gidan da aka yi wa makafinmu dariya ba."

"Makafin nan sun yi shekara nawa a ƙasa? Ko salla ba su yi, kai ka faɗa da bakinka wata rana, ka ce a wancan zamanin Musulunci bai je can ba. Mu'allim kuwa kafaɗarsa na gogar taka sau biyar a rana."

Ya sunkuyar da kai yana goge wani ƙarfe da tsumma.

"Yarenmu ɗaya da su. Ba za ki gane ba. An kore ni daga ƙasata, ba abin da na fito da shi sai wannan. Ki ce wa mu'allim ya kula."

Ya kula. Kowa ya kula ɗin nan yake ce masa, kamar wata addu'a ce da za ta tsayar da ƙarfe.

Ranar da abin ya faru ina yanka albasa a sama, wajen azahar. Na ji ƙarar injin ta canza, ta yi wani irin gurnani, sannan na ji ihu. Ban gane muryar maigidana ce ba, don ban taɓa jin ya ɗaga murya ba tun da aka ɗaura mana aure. Na sauko bene ba takalmi. Ƙasan ɗakin ya jiƙe da zufa da ruwan kwaɓi, ashe ya miƙa hannu ya tsinko kwaɓi ya ji laushinsa, kamar yadda yake yi kullum, ƙafarsa ta zame. Ƙarfen ya kama hannun dama ya matse shi da jikin tukunya. Kafin wani lebure ya tsallake buhuna ya kai ga bango ya sauke makunni, injin ya riga ya zagaya. Kwaɓin da ke ciki ya sauya launi. Wannan kaɗai zan faɗa.

A motar rarraba burodi muka kai shi asibiti, yana kwance a kan alluna, kansa a cinyata, hannun a naɗe cikin buhun fulawa. Bai suma ba. Salati yake ta yi, a hankali, kamar mai tsoron ya dami wani. Likita ya cire yatsu uku da rabin tafin. Ya bar masa babban yatsa da manuni, manunin ma bai ƙara lanƙwasuwa ba.

Ina zaune a barandar asibitin bayan la'asar, zanena ya bushe ya yi tauri da jini, Hawaja na can gefe a kan benci ya rufe fuska da hula. Sai ga Usta ya shigo, yana tafiya kamar wanda aka yi wa duka. Ya tsaya a gaban Hawaja. Hawaja ya ɗago. Suka dubi juna. Sai kawai na ga sun rungume juna suna kuka, tsofaffi biyu, wannan na bubbuga bayan wancan. Na ji Hawaja na cewa laifinsa ne, bakinsa ne. Usta na cewa a'a, nasa ne, taurin kansa ne. Suna ta ja-in-ja a kan wanda zai ɗauki laifin kamar yadda suke jayayya a kan wasa. Har Usta ya ce ya riga ya biya ta gidan burodin ya ɗaura murfin kafin ya zo. Daga baya leburori suka gaya mini ko shayin da suka ɗora masa bai tafasa ba ya gama.

Wannan rungumar ita ce abin da har yau in na tuna ke ƙona mini rai. Ba ihun ba, ba jinin ba. Ashe abin mai sauƙi ne. Ashe za su iya.

Na miƙe na tsaya a kansu.

"Kun shirya?"

Suka saki juna.

"Na ce kun shirya? An gama yaƙin? Wa ya ci?"

Hawaja ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, wallahi duk abin da ake bukata..."

"Kada ka ce mini 'yarka. Ka tsayar da ni da tire a hannu kana mini wasan makafi kana dariya. Kai kuma, na zo har shagonka, na gan shi jingine da bango, ka ce ba zan gane ba. To yanzu na gane. Sarkinka ya yi kofi, sarkinsa ya yi makafi, ku biyu kuma kun haɗu kun yi mai guntun hannu. Ku je ku ba jikokinku labari."

Da Larabci na fara, ban san lokacin da na koma Hausa ba. Na faɗi abubuwan da ba zan rubuta su a nan ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta kama ni ta ce ana jin muryata har ɗakin masu haihuwa. Na waiwaya na dubi Hawaja da Usta. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kawunansu a ƙasa, kuma ko wannan tsayuwar tasu tare haushi ta ƙara mini.

Da ɗan sanda ya zo tambaya, kafili na tsaye a gefen gado yana jan carbi. Maigidana ya ce santsi ne ya kwashe shi. Gaskiya ya faɗa, amma bai ambaci murfi ba. Na buɗe baki, ya dube ni, na rufe. Bayan sun fita na ce masa don me.

"In aka rufe gidan, yaran nan da ke ƙarƙashina su tafi ina? Mu ma iƙamarmu a hannun wa take? Abin da Allah ya rubuta ne."

"Allah ne ya jingine murfin a bango?"

"Ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Su ne ba su ji ba."

Haƙurinsa ma a lokacin haushi yake ba ni. Matan unguwa suka yi ta zuwa sannu, kowace da ƙwaryar kunu da kalma ɗaya, haƙuri, haƙuri, har na tsani jin kalmar. Wata tsohuwa 'yar Katsina da ta zo hajji da ƙafa tun tana budurwa ita kaɗai ce ba ta faɗa ba. Ta zauna a kan tabarma ta dubi hannun da kyau, ta tofar da yawu gefe, ta ce Allah ya isa. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi.

Watannin da suka biyo baya ni ce hannunsa. Ni ke ɗaure masa zariya, ni ke zuba masa ruwan alwala, ni ke gutsura masa tuwo kafin ya koyi ci da cokali a ɗan abin da ya rage, don ya rantse ba zai kai loma baki da hagu ba. Wani lokaci sai ya ce in sosa masa ƙaramin yatsa, yana ƙaiƙayi, alhali yatsan na can an binne shi. A irin wannan lokacin ne makafin Hawaja suke faɗo mini a rai. Su biyun, da mai dariya da mai fushi, labarinsu a wurin sarki yake ƙarewa: sarki ya gani, sarki ya faɗi, sarki ya mutu. Sarki ai ya huta. Ni tunanina a kan matan ƙauyukan yake, waɗanda suka fito bakin hanya suna duba fuskoki, kowace ta ja nata zuwa ɗaki. Wa ya yi noma a shekarar? Wa ya riƙa kai su bayan gida? Ba wanda ya ba ni wannan labarin, kuma na tabbata ko a littattafansu babu shi.

Hawaja bai kore mu ba, wannan kam na faɗa. Da ciwon ya warke ya ajiye wa maigidana kujera a bakin ƙofa, yana miƙa wa masu saye burodi. Aka kawo wani Bayamane ya karɓi tanderu. Mutane suka yi ta yaba wa Hawaja, wai ɗan halak ne, wani da tuni ya sallame shi. Maigidana ya zauna a kujerar nan, injin na gurnani a bayansa, yana jin ƙamshin burodi ya san an bar shi ya wuce lokaci amma ba shi da bakin magana. Ni kuma na koma sama. Ranar da Madam ta ce in kai shayi bakin taga, na leƙa na ga an baje allon ɗawla, su biyun suna jefa ƙashi, a hankali dai, ba dariya, amma suna jefawa, sai na ajiye tiren a ƙasa a tsakiyar ɗaki. Na ɗauki mayafina na sauka. Na ce wa maigidana ya tashi mu tafi. Ya dube ni, ya dubi cikin gidan burodin, ya tashi. Ban zaci zai tashi ba.

Da taimakon wani ɗan'uwansa da ke tuƙi a Abhur muka sami wani kafilin, muka fara tsire a bakin titin Ruwais. Ni ke yanka nama in tsire shi a tsinke, in barbaɗa garin ƙuli da yaji, shi kuma ya tsaya a kan wuta. Wuta dai wuta ce, ya san ta. Wahalar ita ce juya tsinke da yatsu biyu, yakan suɓuce masa ya faɗa cikin gawayi.

Wata safiya muka ga an sauke wani abu daga amalanke a ƙofar ɗakinmu, Usta na biye. Murhun gashi ne na ƙarfe da ya ƙera da kansa, da ramuka da ake zura tsinke a ciki, da wata 'yar sanda a gefe wadda in ka tura ta da tafin hannu duk tsinken za su juya lokaci ɗaya. Ya tsaya yana murza hularsa. Maigidana ya fito ya yi masa maraba, ya shimfiɗa masa tabarma, ya kira ni in kawo ruwa.

Na kawo. Usta ya karɓi kofin bai sha ba.

"'Yata, mu'allim ya yafe mini tun yana gadon asibiti. Ke nake jira."

"Hannun nasa ne. Tun da ya yafe, ai shi ke nan."

"Taki yafiyar nake tambaya."

Na dube shi. Ya tsufa ƙwarai a ɗan tsakanin, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na nemi tausayi a raina, na same shi, amma yafiya ban same ta ba, kuma ban ga dalilin da zan yi masa ƙarya don ya ji daɗi ba.

"Sha ruwanka, Baba Usta," na ce, na koma ciki.

Na so in ce a mayar masa da murhunsa. Na kwana biyu ba na ko kallon inda yake. Amma yana aiki, tsinke ya daina faɗawa wuta, kuma ga yara, don a lokacin na haifi na biyu. Da shi muka yi ta sana'a har Larabawa suka san wurinmu suna tsayawa da mota, da shi muka sa yara a makaranta. Kullum da safe ni ke kankare shi da toka da yashi, kuma ban taɓa kankare shi da daɗin rai ba.

Hawaja ya sayar da gidan burodin bayan wasu shekaru ya koma ƙasarsu da Madam. Ta aiko mini da tukwanenta na jan ƙarfe, na raba wa maƙwabta. Usta ya rasu a Jidda, a ɗakin da ke bayan shagonsa, sai da aka ga bai fito salla ba aka ɓalle ƙofa. Ba shi da kowa, saboda haka maigidana ne ya tsaya a kan wankansa, ya kuma sa kafaɗa aka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ni na aika da turare da yadin likkafani, don haƙƙin Musulmi ne. Da maigidana ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana karkaɗe ƙurar ƙafarsa, ya ce mini mutane ƙalilan ne suka je. Na ce Allah ya jiƙansa, na miƙa masa tiren nama, don magariba ta gabato kuma ba a hura wuta ba.